Likita ya ce za a yi mini allura a cikin ido, mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Garwa, aikin wuyan riguna nake yi, shekarata 39. Tun ina ɗan aji uku nake sa tabarau don ba na ganin nesa. Yanzu lambarsa -12 a dama, -10 a hagu, kaurinsa kamar gindin kwalba. Sati uku da suka wuce ina bin layin alli a kan shadda sai na ga layin ya karkace, alhali da ma'auni na ja shi. Da na rufe idon hagu sai na ga bakin ƙofar shago ma ya lanƙwashe, fuskar yaron shagona kuma tsakiyarta ta yi duhu. Idon bai yi ja ba, ba ya ciwo. Na je a canza mini gilashi, aka gwada duk lambobi, babu wanda ya miƙar da layin. Likitan ido ya ɗiga mini magani ya leƙa ciki, ya ce wata jijiyar jini ce ta tsiro a bayan idon, ya ba ni takarda in tafi Yawunde a ɗauki hoto a yi mini allura a cikin ƙwayar idon. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba, domin an taɓa tsikarar idon kawunta a ƙauye, daga ranar bai sake gani ba. Abokin aikina kuma ya ce in bari sai bayan salla, tunda yanzu ne kakar ɗinki. Don Allah mene ne gaskiyar wannan allura? Sau nawa ake yi? Idon zai dawo?

Daga wani tela, unguwar Hausare, Garwa

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Cikin duk abin da ka rubuto, kalma biyu ne suka tsaya mini a rai: sati uku. Kada ka jira salla. Rigunan da ka karɓa ka raba wa abokan sana'a, ka ba masu kaya haƙuri, ka kama hanya cikin satin nan. Ɗinkin salla yana dawowa baɗi, amma wurin da wannan jijiya take ci a idonka, in ya zama tabo, babu likitan da ya isa ya mayar da shi a duniyar nan. Na fara da wannan ne don ko ka gaji da karatun amsar ka ajiye mujallar, ka riga ka ji abin da ya fi muhimmanci.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke faruwa a cikin idon, don ka iya zama gaban Hajiya ka yi mata bayani da bakinka.

Idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, tsawonsa bai wuce milimita 23 zuwa 24 ba. Mai irin lambarka idonsa ya yi tsawo fiye da kima. Da zarar lambar gilashi ta kai -6, ko tsawon ya haura milimita 26, mu a asibiti mun sa mutum cikin masu tsananin rashin ganin nesa, abin da takardarka ta faransanci za ta kira miyofi mai ƙarfi. Kai ka ninka wannan lamba. To, ido ba ya yin tsawo kyauta. A can ciki akwai wani tantani shimfiɗe wanda shi ne ke ɗaukar hoton duk abin da kake kallo, ana ce masa retina. A bayansa akwai wani siririn bango, a bayan bangon kuma akwai tarin ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Kai tela ne, ka san abin da ke samun yadi in an ja shi ya rufe abin da ya fi shi faɗi: yana sirancewa, zarensa ya fara buɗewa. Haka wannan bango yake yi, sai ya tsattsage. Ta cikin tsagar ne sabuwar jijiya ke kutsowa, kamar yadda ciyawa ke fitowa ta tsagar daɓen siminti da damina.

Wannan sabuwar jijiya ba ta da ƙwari, tana yoyon ruwa da jini. Kuma abin takaicin, ta fi son tsirowa a ƙarƙashin cibiyar gani, wato makula, ɗan wurin da kake zura zare a allura da shi, kake gane fuska, kake karanta Alƙur'ani. Ruwan da ya taru yana ɗaga tantanin ya yi tudu, shi ya sa miƙaƙƙen layi ya koma maka karkatacce. Shi ya sa kuma babu gilashin da ya gyara, domin gilashi haske yake daidaitawa, ba ya miƙar da shimfiɗar da ta kumbura. Rashin ciwon ma kada ya yaudare ka, tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Da yana ciwo da mutane sun fi zuwa mana da wuri.

Ba kowane mai kaurin gilashi ne ke samun wannan ba. A cikin waɗanda tsawon idon ya riga ya taɓa musu bayan ido, kamar mutum 5 zuwa 10 ne cikin 100 ke gamuwa da shi, kuma sau da yawa yana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, kafin shekara hamsin. A Tokiyo ta Jafan, inda rashin ganin nesa ya yi yawa, an bi masu wannan ciwo shekara goma tun kafin a samu magani, aka wallafa sakamakon a 2003: kusan dukkan idanun sun koma ba sa karanta abin da ya wuce babban harafin da ke saman allon gwaji. Mutum ba ya shiga duhu gaba ɗaya, yana ganin gefe, yana iya tafiya kasuwa ya dawo, amma tsakiya ta tafi. Ga tela kuwa tsakiyar ita ce sana'ar.

Akwai wata baiwar Allah da har yau nake tunawa, malamar makaranta ce daga wajen Gider. Ta ga layukan littafi sun fara rawa a idonta, ta ce gajiya ce. Daga baya ta sa zuma, ta sa tozali, aka kawo mata wani ruwa a kwalba daga kasuwa. Sai da ta yi wata takwas ta iso gabana. Da na leƙa, jinin ya riga ya bushe, ya bar baƙin tabo a tsakiyar cibiyar. Ta tambaye ni nawa ne kuɗin allurar, ta ce za ta sayar da ɗan kunnenta. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba, da zan gaya mata cewa ba kuɗi ne ya rage ba, lokaci ne ya wuce. Kai naka bai wuce ba.

Game da tsoron Hajiya, tana da gaskiyarta, kada ka raina shi. Abin da aka yi wa kawunta mun san shi, har gobe muna karɓar waɗanda aka yi wa. Masu yawo ƙauye-ƙauye ne ke soka tsinke a ido su tura yana ta faɗa ciki, babu tsafta, babu awo, daga nan sai kumburi ko ruɓa ko hawan jinin ido. Wanda ya ga haka a gidansu dole gabansa ya faɗi in ya ji an haɗa allura da ido a magana ɗaya. Amma ka gaya mata yadda wannan take. Za ka kwanta a ɗaki mai tsafta irin na tiyata. A ɗiga maka maganin kashe zafi har idon ya daina jin zafi, a wanke shi da fatar kewayensa da ruwan aidin, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada ka ƙifta. Likita zai auna milimita uku da rabi zuwa huɗu daga bakin baƙin ido, a kan farin, inda babu abin da za a lalata, ya shigar da allurar da ta fi ta ɗinkin hannunka siranta nesa ba kusa ba. Maganin da ake turawa 0.05 ne na mililita, ɗigo guda. Shigar da fitar ba ta kai ƙirga goma ba. Yawancin mutane abin da suke ce mini shi ne sun ji kamar an danna musu ido da yatsa. Ba za ka ga allurar tana zuwa ba, don za a ce ka kalli wani gefe. Da ƙafarka za ka fita a ranar.

Abin da maganin ke yi kuwa shi ne toshe saƙo. Jiki yana da wani sinadari da yake aikawa in yana son sabuwar jijiya ta tsiro, sunansa VEGF. Wani masani ɗan Italiya mai aiki a Amurka, Napoleone Ferrara, ya ware shi a 1989. Maganin yana kama wannan sinadari ya riƙe, jijiyar ta rasa mai kiranta, ta daina yoyo ta yanƙwane, ruwan ya tsotse, tantanin ya koma ya kwanta.

Kafin a kai ga wannan an sha wuya. Da can ƙona jijiyar ake yi da hasken leza, sai tabon ƙunar ya yi ta faɗi a idon da dama a jaye yake. Wajen 2001 aka koma wani magani mai suna Visudyne, a sa shi ta jijiyar hannu sannan a haska ido, yana rage saurin lalacewa amma da wuya ya dawo da gani. Da allurar ta zo aka gwada su kafaɗa da kafaɗa a wani babban gwaji mai suna RADIANCE, a kan mutum 277 masu irin ciwonka, aka fitar da sakamako a 2014. Bayan wata uku, waɗanda aka yi wa allura sun ƙara karanta kamar harafi 10 a allon gwaji, wato layi biyu, masu tsohon magani kuwa kamar harafi 2. Tun daga nan allura ta zama abin da ake farawa da shi ko'ina.

Sau nawa ake yi? Nan akwai albishir. Wataƙila ka ji labarin tsofaffi ko masu ciwon suga da ake yi wa wannan allura wata bayan wata har shekaru. Naka ba haka yake ba, domin jijiyar da ke tsirowa a idon mai miyofi ƙarama ce kuma tana jin magani. Ana yin guda ɗaya, a duba ka bayan wata, in hoto ya nuna sauran ruwa a ƙara, in ya bushe a bar ka ana dubawa. A wancan gwaji, waɗanda aka bi da su ta wannan hanya, rabinsu allura biyu ko ƙasa da haka suka buƙata a shekarar farko. Wani yana buƙatar fiye. Abin da ba na so shi ne abin da na sha gani: mutum ya yi ta farko, layi ya miƙe, ya ce ya warke, ya ƙi komawa. Watannin farko na dubawa suna cikin maganin, ka sa kuɗin motarsu cikin lissafinka tun yanzu.

Hoton da aka ce a ɗauka ma kada ka ɗauke shi ƙarin kashe kuɗi. Wani lokaci tsagar nan tana zubar da ɗan jini ba tare da wata jijiya ta tsiro ba, irin wannan yana washewa da kansa, ba ya son allura. Da ido kawai ba kullum ake rarrabe su ba. Na'urar OCT tana nuna tantanin a yanke, hawa-hawa, ba ta taɓa idonka, minti kaɗan ne. In ba a gamsu ba sai a sa maka wani rini ta jijiyar hannu a bi shi da hoto. Fitsarinka zai yi rawaya sosai kwana ɗaya, kada ka tsorata. Waɗannan na'urori da likitocin bayan ido sun fi samuwa a kudancin Kamaru, shi ya sa likitanka ya tura ka can, kuma ya yi daidai. Akwai cibiyar ido ta Magrabi da aka buɗe a 2017 a Obak, kusa da Yawunde, akwai kuma wasu a cikin Yawunde da Duwala. Mutanenmu da ke da dangi a Najeriya wasu sukan nufi asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ka bi inda takardarka ta ce, ka buga waya kafin ka tashi, ka tambayi ranar da likitan bayan ido ke zama da kuɗin hoto da na allura, don kada ka yi hanyar Ngaundare, ka kwana a jirgin ƙasa, ka isa a ce ka dawo wani sati.

Maganar kuɗi, ga abin da nake gaya wa nawa marasa lafiya. Magungunan da aka fi amfani da su uku ne: Lucentis, Eylea da Avastin. Biyun farko don ido aka yi su, kuma suna da tsada ƙwarai. A Amurka allurar Lucentis ɗaya ta daɗe tana kusan dala 2,000 ta Amurka, alhali ta Avastin ba ta wuce kamar dala 50 ba. Avastin asalinsa maganin sankarar hanji ne da aka amince da shi a 2004, sai wani likita a Miyami, Philip Rosenfeld, ya fara sa shi a ido a 2005, aka ga yana aiki. Kwalba ɗaya ake rabawa mutane da yawa, shi ya sa yake da araha. Gwaje-gwajen da suka kwatanta shi da Lucentis ba su ga wani bambancin a zo a gani ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna don ido tun 2013. In likita ya ce Avastin zai yi maka, kada ka ji kamar an ba ka na talaka. Ni da idona ne zan karɓa. Sharaɗin kawai shi ne a raba shi cikin tsafta a asibitin da ya saba yin haka, kuma a ajiye shi cikin sanyi. Kada ka yarda wani ya ce zai samo maka a waje ka riƙo a aljihu. Magani ne da ke zama a firiji, kai kuma ka san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu.

Ba zan ɓoye maka haɗarinta ba. Mafi muni shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin ido, abin da bai kai sau ɗaya cikin allura dubu ba, amma in ya faru gaggawa ce ta sa'o'i. Jin kamar yashi a ido ranar farko, ɗan jan tabo a kan farin ido, ko ganin ɗigo yana yawo, duk ba komai ba ne. Amma in ciwo yana ƙaruwa, ido yana ƙara ja, gani yana raguwa a cikin satin farko, ka koma a ranar, ko da dare ne. Saboda haka ina so ka yi 'yan kwanaki a Yawunde bayan allurar, in kana da masauki a unguwar Birkitiri wajen 'yan'uwa ka zauna, kada ka hau jirgi washegari. Kwana biyu zuwa uku kada ruwa ya shiga idon, ka yi alwala a hankali, kada ka murza, kada ka sa tozali. In ka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, ka faɗa wa likita kafin ya fara. Mata masu karanta wannan shafi kuma, mai ciki ko mai zaton tana da shi lallai ta faɗa, domin sinadarin da maganin ke toshewa jariri na buƙatarsa, musamman a watannin farko.

Idon zai dawo? Wanda ya zo cikin makonni, yana da ƙuruciya irin taka, yawanci yana samun ƙaruwa mai kyau, da yawa suna komawa bakin aikinsu. Ina sa maka rai sosai. Sai dai allurar jijiyar take kashewa, ba ta rage tsawon ido. Tabaranka na nan, bayan idonka na nan a jaye, jijiyar na iya farfaɗowa bayan watanni ko shekaru, kuma a wasu mutane kewayen wurin yana ci gaba da sirancewa sannu a hankali. Idon hagu ma a sa masa ido: a wani binciken da aka yi a Tokiyo, kusan mutum ɗaya cikin uku ya samu irin wannan a ɗaya idon cikin shekara takwas.

Don haka ga aikin da na ba ka har ƙarshen rayuwa, ba ya cin ko dala. Ka yago shafi ɗaya daga littafin 'yan makaranta mai gida-gida, ka ɗiga baƙin tawada a tsakiya, ka manna shi jikin bango kusa da kekenka. Sau ɗaya a sati, da tabaranka, daga nisan da kake karatu, ka rufe ido ɗaya ka kafa ɗayan a kan ɗigon, sannan ka sauya. In layi ya karkace ko wani gida ya ɓace, asibiti a satin. Haka nan in ka ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen abubuwa sun taso kamar ƙudaje, ko wani labule yana saukowa, wannan ɓallewar tantanin ne, ya fi samun masu dogon ido, kuma ba ya jiran gobe. Duk shekara a auna maka hawan jinin ido.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau. In hankalinta bai kwanta ba, ka kai ta wajen likitan da ya duba ka ta ji daga bakinsa, ka nemi ta sa maka albarka kafin ka tafi. In ka dawo ka rubuto mana.

Tambaya

Likita, 'yata shekararta 9, lambar tabaranta -4, kuma duk shekara sai ta ƙaru. Babanta ya ce tabaran ne ke cinye mata ido, a cire. Gaskiya ne?

Daga wata uwa, Kuseri

Amsa

Maman yarinya, ki ba maigida haƙuri, tabarau ba ya cin ido. Idon ne ke ƙara tsawo yayin da take girma, lambar kuma tana bin sa. In an cire mata, allo zai ɓace mata a aji, tsawon kuma ba zai tsaya ba. Amma damuwarku tana kan hanya, domin -4 a shekara 9 na iya kaiwa inda mai tambayar farko yake. Abin da aka tabbatar yana taimakon yara shi ne hasken waje. A Taiwan hukuma ta sa makarantu su riƙa fitar da yara waje kamar awa biyu a rana, aka ga raguwar masu matsalar. Ki bar ta ta yi wasa a tsakar gida da safe da la'asar, ko a inuwar bishiya ne, ki rage mata riƙon waya dab da fuska, in tana karatu ta riƙa ɗaga kai tana kallon nesa. Akwai kuma ɗigon atirofin mai rauni sosai da ke rage saurin ƙaruwar lamba, amma likitan ido ne kaɗai zai rubuta shi ya riƙa bibiya. Ki kai ta a duba ta duk wata shida, a Kuseri ko ki tsallaka gada zuwa Njamena, ki roƙa a ɗiga mata magani a leƙa bayan idon, kuma ki riƙa ajiye takardun lambar kowace shekara wuri ɗaya don likita ya ga saurin da take yi.